Boɗinga zuwa Shagari a Keke, Ba Turi Ba Ɗauka

Boɗinga

Ana idar da sallar asuba na ɗaure bakin wandona da igiya, na saɓa babbar riga a kafaɗu, na jawo keken da na aro wurin malamin asibiti. Rabona da keke tun zamanin Turawa.

Ga abin da ya fito da ni. Na yi shekaru ina fataucin fatu a Fort Lami, wadda yanzu ake kira Injamena. Da yaƙin Cadi ya tsananta, wani tsohon maƙwabcina na can ya zo da labarin yaran da suka tsallake kogi zuwa Kuseri ta Kamaru, da yawa ba uwa ba uba, ci sau ɗaya a wuni in an dace. Mu ma nan ba sauƙi, sabulu da madara sai an bi layi. Na roƙi taubashina Alhaji Garba mai rumbunan gero, ya ce shekara ta yi wuya. Sai na ba shi labarin abin da na gani a Ingila: mutum ya yi doguwar tafiya a keke, masu hali su yi sadaka saboda wahalar da ya sha.

"Wahalarka kam ina saye," in ji Garba. "Ka kai Shagari kahin magariba, ba turi, ba ɗauka, in cika akori-kura da gero. In kak kasa, ko tsaba."

Shi ya sa da asubar nan yake bayana a babur, yana sa ido, yana dariya.

Bayan gari

A Ingila ko faɗuwa tsoho ya yi, sai an nemi izininsa kafin a ɗaga shi. Na manta ba Ingila nake ba. Muna fita gari muka ci karo da samari za su lambun albasa. Garba ya rage wuta ya ɗaga murya:

"Kai, samari! Ba ku da uwaye? Kuna kallon tsoho shina hwama!"

Suka zubar da fartanya suka yo kaina. "Sannu Baba, bari mu tura ka!"

"Kada wanda ya taɓa!" na ce. Suka ɗauka kara ce irin ta manya, suka ƙara sauri. Na taɓa gudun ɓarayi a hanyar Sudan, na taɓa gudun karen Bature a Lami, amma ban taɓa gudu irin wanda na yi wa ladabin yaran nan ba. Sai da suka ga hulata ta faɗi ban waiwaya ba suka tsaya.

Gaba kaɗan kuma ga wani dattijo da ya girme ni zaune gindin tsamiya. Ba a wuce babba a kan keke. Na sauka na durƙusa. Muka gaisa da gida, da gajiya, da dabbobi, da labarin damina. Faransawa kalma ɗaya suke jefa wa juna su wuce; mu sai da hantsi ya dubi ludayi. Garba na gefe yana tuna masa waɗanda bai tambaya ba: "Baba, ba ka tambaye shi surukai ba."

Shingen 'yan sanda

Wajen azahar na iso shinge, ganguna biyu da katako. Saje ya fara da "Ina lasin keke?" sai ya ga furfura, ya ji kuma Shagari na nufa. Kwanakin nan duk dattijon da ya doshi Shagari, garin shugaban ƙasa, ana zaton ɗan'uwan masu mulki ne. Ya ƙame ya sara mini, ya tare wata motar albasa.

"Direba, ɗauki Baba!"

Kafin in buɗe baki sun ɗaga ƙafar keken ta baya. Na rungume ta gaba na zauna daɓas a kwalta. Na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci saboda Saje, direban Bafillace ne na yi masa da Fillanci, har Larabci na sa don abin ya yi nauyi. Da na zo kan yaran Kuseri sai Saje ya sa aka saki keken. Ashe ya yi aiki a bakin iyaka, ya gan su da idonsa. Ya juya ga direba:

"Duk ƙauyen da ka ratsa ka faɗa. Wanda ya taɓa keken Baba, ni da shi."

Nan na yi salla, na ci rogo da ƙuli na kwabo goma, na yi wa Garba gwalo.

Hawan ƙarshe

Bayan la'asar ƙafafuna suka fara yi mini gardama. Sirdin keken ya zama kamar bakin gatari. Ga rufin kwanon Shagari ina hange, ga wani ɗan tudu a tsakani, wanda a mota ban taɓa sanin yana nan ba. A rabinsa na tsaya cik.

Mutane sun yi layi a gefen hanya, saƙon Saje ya riga ni. Gaskiya a lokacin da wani zai ɗan dafa bayan keken a ɓoye, da na kau da kai. Na dubi wani ƙaƙƙarfan saurayi da idon roƙo. Ya maida hannuwansa baya ya ce, "Allah shi ba ka ƙarhi, Baba."

Rana ta yi ja. Garba ya matso ya kashe babur, ya yi murya mai taushi.

"Ya isa, ɗan'uwa. Ka yi ƙoƙari. Hau nan bayana, ka riƙe ni ga ƙugu kamar amarya. Gobe da hantsi mu ratsa kasuwar Boɗinga sannu-sannu, kowa shi gani."

Na dubi ƙugun Garba. Na ga kasuwar a idona, har da mahauta. Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na miƙe tsaye a kan feda ina zaginsa da harsuna huɗu, kowane taki da zaginsa, mutane na bina da kabbara hannuwa a baya. Ladan na gyaran murya ƙafar keken ta shiga gari.

Garba ya sauka yana share hawayen dariya. "Wanga gero ya yi arha," ya ce. "Ko kuɗi nib biya ban ganin irin wagga."

Komowa gida

Na kwana gidan wani malamin makaranta, rub da ciki. Washegari motar albasar nan ta dawo da ni, a tsaye. Kwana biyu bayan haka akori-kurar Garba ta kama hanyar Maiduguri, maƙwabcina na Lami zaune a kan buhuna zai raka su har Kuseri.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa malamin asibiti da kekensa da man zafinsa, da Saje, da Garba da ya cika alkawari. Masu zuwa yi mini barka kuma su yi haƙuri in sun ga ban zauna mun gaisa ba. Ba girman kai ba ne.