Ranar da Na'ura Ta Tambaye Ni Hannuna

Washegarin Kirsimetin 2009, da hantsi, falonmu na Kafanchan ya cika har mutum bai samun inda zai ajiye ƙafa. An ture teburin tsakiya zuwa bango, an naɗe tabarma, ƙamshin soyayyen naman akuya na jiya bai gama barin labule ba. Ankul Bitrus, ƙanen babana da ke aiki a Abuja, ya durƙusa a bayan talabijin yana haɗa wayoyin wata farar na'ura da ya zo da ita, ɗansa Juniyo kuma yana tsaye a kansa yana ba shi umarni. Wasan talabijin ne, amma ba irin wanda muka sani a shagon kallon ƙwallo ba. Wannan wani farin rimot ake ba ka mai igiya, ka ɗaura a wuyan hannu, duk yadda ka wurga hannunka haka ɗan mutum-mutumin cikin talabijin zai wurga nasa. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, sanye da rigar Kirsimeti mai ƙaiƙayi a wuya, ina ta addu'a a zuciya kada layi ya zo kaina. Layi kuwa ya zo. Juniyo ya ƙera wata 'yar yarinya mai kitso biyu a talabijin ya ce ni ce, sai hoton hannaye biyu ya fito, ya juyo ya tambaye ni da ƙarfi a gaban kowa: "Rahila, lef ko rait?"

Ni bahaguwa ce, kuma a gidanmu wannan abin kunya ne. Kakata, uwar babana, wadda ta baro Kagoma ta zauna da mu bayan rasuwar mijinta, ita ta ɗauki gyarana a matsayin aikinta. Tun ina 'yar ƙarama, in aka ajiye tuwo, sai ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure mini hannun hagu a ƙugu, in ci da dama miya tana bin gwiwar hannuna, 'yan'uwana suna ƙunshe dariya. Kaka ba ta raba mace da namiji a Hausarta, kowa "ka" ne a wurinta. Takan ce, "Wannan hannu na bayan gida ne, ba za ka ba ma mutum abu da shi a gida na ba." A makaranta malamar aji ɗaya ta ƙarasa sauran aikin da rula. Da na kai aji huɗu na iya ci da dama, na iya rubutu da dama, na iya karɓar saƙo da hannu biyu ina ɗan rusunawa. Kaka ta daina kwance ɗankwali, har ta ba da shaida a zumuntar mata ta coci cewa Ubangiji ya taimake ta ta gyara jikarta. Sai dai ta ja mini kunne cewa duk ranar da ta sake kama ni, ko a gaban wa ne, sai ta ɗaure ni kamar da.

Abin da Kaka ba ta sani ba shi ne hagun nan tana nan da ranta, waje kawai ta koma. A bayan kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa akwai tsofaffin itatuwan mangwaro, kuma duk yaran layinmu sun san in aka ce wancan nunannen na can ƙoli ake so, Rahila ake kira. Dutse ɗaya nake zaɓa mai faɗi, in auna, in sake shi da hagu, sai ka ji tim a ƙasa. Da hagu nake cinye 'yan mata a carafke a bayan aji. Lokacin haƙar citta, in muka je gona a Kagoma aka zube mana tari mu tsaga a shanya, ina zama ne inda zan riƙa hango Kaka. Tana juya baya wuƙa ta koma hagu, tarin gabana ya riƙa raguwa kamar ana ɗiba, tana waiwayowa in mayar dama in ci gaba da fama. Ƙanena Ishaya ya san duk wannan, kuma mangwaro nake ba shi yana riƙe bakinsa.

To ga ni a tsakiyar falo, ga baƙin Abuja, ga Kaka a kujerarta ta kusa da ƙofa da sandarta tsakanin gwiwoyi. Ban taɓa jin an yi mini wannan tambaya ba a rayuwata, kullum faɗa mini ake yi. Na ce rait, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Aka ɗaura mini igiyar a dama, aka sa wasan tanis, aka haɗa ni da ƙanwar Juniyo wadda ko firamare ba ta shiga ba. Ƙwallo ta taho, na kai mata duka bayan ta wuce. Ta sake tahowa, na riga ta. 'Yar mai kitso biyun nan ta riƙa sharar iska a talabijin kamar mai korar ƙuda, mutanen cikin wasan suna ihu, na falo suna taya su. Da haushi ya kama ni na zage iya ƙarfina na wurga hannu, sai na kwashe kofin zoɓon da ke hannun Ankul Bitrus, ya wanke masa farar shadda. Dariyar ba ta ƙona ni ba kamar yadda matarsa ta ce a hankali, "Ku bar ta mana, ba ta saba ba." Ni da ake aikowa a kira daga wani layi saboda jifa, yau ni ce ake tausayawa a gaban yarinyar da ba ta iya ɗaura takalminta ba.

Ishaya ne ya kasa jurewa. Ina ganin kishina ne ya kama shi, ya miƙe ya ce, "Ai ba da wannan hannu take jifa ba!" Ban kalli Kaka ba, amma ta gefen ido na ga hannunta ya tashi ya taɓa ƙullin ɗankwalinta. Na ce ƙarya yake yi. Kaka ta ce, "Na riga na gyara wannan yarinya," ta mayar da hannunta kan sanda, idonta kuwa bai bar kaina ba. Na kwance igiyar na miƙa wa Juniyo da hannu biyu, na tafi bayan gida wajen tukwane, na zauna ina ƙuga gindin tukunyar da an riga an wanke. Ranar ko naman da aka raba da rana ban ci ba.

Kwanakin da suka biyo baya daga bakin ƙofa na riƙa kallo, kuma mai kallo daga ƙofa yakan ga abin da masu wasa ba su gani. Gaskiya na'urar ta yi abin da ban taɓa ganin wani abu ya yi a gidanmu ba. Mamana, wadda ko tashar talabijin ba ta yarda ta canja da kanta, ta ɗaura zani a ƙugu ta yi dambe da iska har ta faɗi kan kushin tana haki. Rabaran na cocinmu ya zo gaisuwar Kirsimeti da niyyar addu'a ya wuce, ya ƙare da cire kwat. Ba a bukatar Turanci ko sanin maɓallai, in ka taɓa jifa ko ka taɓa daka, ka iya. Amma na kuma gane wasan ba ya sanin wanda ya yi wahala. Ankul Bitrus zai ja baya, ya buɗe ƙafa, ya yi gumi kamar mai noman kunya, Juniyo kuwa yana kwance a kushin yana ɗan karkaɗa wuyan hannu, kuma shi ke ci. A damben ma duk wanda ya fi haukan kaɗa hannu shi ne gwani. In rana ta shigo ta taga sai kibiyar da rimot ke nuni da ita a talabijin ta rikice ta riƙa rawa, a ja labule a zauna cikin zafi. Batir ya ƙare, an shanya shi a rana, an cije shi, an ciro na rediyon babana. Ga ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, kowa ya tsaya da hannu a sama. Kafin mako ya zagayo kafaɗun manya sun yi tsami, yara kuma sun fara gundura, don ƙwallon ba ta da nauyi, kuma jifan jiya shi ne na yau.

Ranar sabuwar shekara kowa ya shiga motar Ankul Bitrus aka tafi kallon rawa a wani gari kusa da mu. Aka bar Kaka saboda ciwon gwiwa, aka bar ni in kula da ita. Da rana ta take sai ga wuta an kawo, na ji firij ya yi gurnani. Na leƙa ɗakin Kaka na ga ta juya fuska bango. Na shiga falo, na ja labule, na rage murya, na kunna na'urar yadda na ga Juniyo yana yi. Ban ɗauki 'yar mai kitso biyu ba, ita an riga an rubuta mata dama. Na zaɓi wata baƙuwar fuska, hoton hannaye biyun nan ya sake fitowa, ba tsawa ba harara, yana jira kawai. Na nuna hagu. Na sa wasan da ake mirgina ƙwallo ta rushe wasu fararen kwalabe da aka jera, na ja hannu baya na sake. Ƙwallon ta tafi ta ɗan lanƙwasa kamar yadda dutsena yake yi a gindin mangwaro, ta share su duka. Na sake, ta sake sharewa. Na manta da wanda ke cikin gidan, na daka tsalle na yi ihu. Da na juyo, Kaka tana tsaye a bakin ƙofa, ta dogara da sanda.

"Kawo," ta ce. Na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu, idona a kan ƙullin ɗankwalinta, ina lissafin yadda za su dawo su same ni a ɗaure kamar akuyar Kirsimeti, Juniyo ya kai labari Abuja. Ta karɓa da dama, kamar yadda ya kamata. Ta juya shi, ta duba, ta jingina sandarta da bango. Sai ta waiwaya ta kalli ƙofar waje, ta mayar da rimot ɗin hannun hagu. Na nuna mata inda ake dannawa, bakina a buɗe. Tsohuwar da ba ta iya tashi daga kujera sai da nishi ta ja hannu baya ta sake shi sumul, babu gargada ko kaɗan, ƙwallo ta miƙe ta tsakiya ta bar kwalba ɗaya tana lilo. Ta yi tsaki, ta ce a sake. A karo na biyu ba ta bar ko ɗaya ba. Na ga haƙoranta a waje, dariya irin ta yarinya, wadda ban taɓa gani a fuskarta ba.

Dariyar ba ta daɗe ba. Wani babur ya wuce a layi, ta zabura ta ajiye rimot a kan kushin, ta goge tafin hagun a zaninta. A bayan hannun akwai wani tsohon tabo mai sheƙi da muka taso muna ji an ce ƙunar girki ce. Ta ga ina kallonsa, ta ce, "Baba na ne, da itacen wuta. Ni ɗankwali kawai na sa maka." Ta ɗauki sandarta, ta tsaya a ƙofa ba ta juyo ba, ta ƙara da cewa, "Kada ka gaya ma kowa." Na zaci murna zan yi da na tsira. Abin da na ji kunya ce, wadda ta fi ta ranar zoɓo nauyi, don na ga Kaka, wadda duk gidan ke tsoro, tana leƙen ƙofa kamar yaron da ya saci sukari, a kan hannun da aka haife ta da shi. Ba ta ƙara ɗaure ni ba. Ba mu kuma ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Ubangiji, kuma a wajen cin abinci mu biyun da dama muka ci gaba da ci.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a nan Kafanchan, ina rubutu a allo da dama, rubutun da ɗalibaina suke cewa kamar kaza ta bi ta kai. Na'urar tana can a siton Ankul Bitrus ƙarƙashin tsofaffin akwatuna, an ce ta daina karanta faifai tun tuni. Yaran yanzu kowa da wayarsa a lungu, manyan yatsu biyu suna aiki, ba mai ture tebur, ba mai kiran kaka ta zo ta gwada. Wasanninsu sun fi wancan kyau nesa ba kusa ba, amma ban ga wanda ya tara gida ɗaya a falo yana dariya ba. Kwanan baya ɗana ƙarami ya ɗauki cokali da hagu a gaban surukata, sai na ga hannuna na dama ya miƙe da kansa zai karɓe cokalin. Na tsayar da hannun a hanya, na mayar kan cinya, kunyar nan ta dā ta dawo mini, na bar shi ya ci abincinsa. Na so a ce Kaka tana kujerarta ta kusa da ƙofa ta gani. Ita sau ɗaya tak aka bar ta ta zaɓi hannunta, kuma ba mutum ba ne ya bar ta.