Damin Wanzami

Maigidana ba marowaci ba ne, in ji shi. Tattali yake yi. Shekarun da ya yi yana dako a Maradi ne suka koya masa wannan kalma, ya dawo da ita garinmu da ke kusa da Cadakori, ya sauke ta a kanmu ni da yara. Sandar sabulu da zare yake yanka ta, ya miƙo mini gutsure ya kulle saura a akwati. Dunƙulen magi rabi ake jefa wa miya, ɗaya rabin a nannaɗe shi a takardarsa sai gobe. Pil ɗin tocila, wato batir, in ya mutu ba a yar da shi, sai a shanya shi a kan danga ya sha rana, wai ƙarfinsa na dawowa. Silifas ɗin yara kuwa sun sha ƙusa mai zafi har ba a gane asalin launinsu. Duk wannan na haƙura, don ni ma ban tashi a gidan da ake zubar da tuwo ba, kuma ciyar da yara maza uku ba wasa ba ne.

Abin ya fara fin ƙarfina ranar da ya dawo daga kasuwar Gidan Rumji da injin aski na caji a aljihu, yana ta washe baki.

A garinmu ba kuɗi ake biyan wanzami ba. Kowane gida da wanzaminsa na gado, uban wannan shi ya aske uban wancan. Shekara duka yana aske manya da yara, ya yi ƙaho, ya yi kaciya, in an haihu ya zo askin suna. Idan kaka ta yi sai ya bi gidajensa da amalanke, kowa ya ɗora masa damin gero. Wannan damin guda shi ya tsaya wa maigidana a rai. Ya ce ta yaya mutum zai sha ranar damina yana noma, wani ya zo da 'yar aska ya kwashe.

Ya jera yaran a tsakar gida ya fara aiki. Injin ba yanka gashi yake ba, cizo yake. Babban ya daure, hawaye na zuba. Ana tsakiyar kan na biyun caji ya ƙare, ga shi mai cajin salula ya rufe rumfa ya tafi gona. Haka yaron nan ya tafi lakol, makarantar boko, da safe, gefe ɗaya tas, gefe ɗaya daji. Mushe, malaminsu, ya koro shi gida ya tambayo ko ciwo ne ya ci masa kai. Da na faɗa wa uban sai ya ce ai ba gashi ke karatu ba. Kuɗin cajin da yake biya duk mako kuwa ba ya cikin abin da ake magana.

Kaka ta yi, wanzaminmu ya tsayar da jakinsa a ƙofar gida. Dattijo ne mai sanyin magana, shi ya yi wa maigidana kaciya da hannunsa. Ina bayan zana ina jinsu.

"Baba wanzami, bana mun hutasshe ka," in ji maigidana, da ƙarfi, don na zaune a gindin itacen bedi su ji. "Zamani ya zo, mun samu inji."

Dattijon ya ce, "To madalla. Allah shi sa albarka." Ya kaɗa jakinsa ya wuce gida na gaba. Ni kuwa na san za mu neme shi, don a lokacin cikina ya riga ya fito, kuma duk garin an sani, ban da uban cikin, da alama.

Rani ya yi nisa na haihu, mace. Bayan maza uku Allah ya ba ni 'ya, murnar da na yi ba ta faɗuwa. Innata ta taso tun daga Gazawa da ƙullin daddawa da yaji da sabon zanenta. Ranar suna liman ya raɗa suna da sassafe, aka yanka rago, mata suka cika gida. Aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye ƙwaryar ruwa, ana jiran wanzami ya zo ya sauke wa jaririya gashin ciki. A wurinmu in ba a yi wannan aski ba suna bai cika ba, kuma yarinya za ta girma ana nuna ta da baki.

Hantsi ya dubi ludayi babu wanzami. Maigidana ya aiki ƙanensa a babur. Bai daɗe ba ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ya ce a gaishe ka da kyau. Ya ce askatai gidajenta ta sani, inda dami ya hito nan take komawa. Ya ce ai ku da ke da inji."

Aka sake tura shi ƙauyen gaba wajen wani wanzamin. Shi ma ya ce gidan wani ne, ba ya shiga sai mai shi ya yi masa izini, ko da za a ba shi saniya. Wannan kowa ya sani a ƙasarmu. Mutum ɗaya ne ya manta, shi ne wanda ya je birni ya yi wayo.

Mata suka fara ƙus-ƙus. Wata ta leƙo ɗaki ta ce, "Kai, jinjirar ga akwai suma, tabarkalla," ta fita tana danne dariya da gyale. Ina zaune da 'yata a cinya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ga inuwar maigidana a bakin ƙofa, cikin babbar rigarsa ta suna, da injin a hannu. Har ya kai shi caji.

"Miye a ciki?" in ji shi ƙasa-ƙasa. "Gashi ne hwa. Miƙo ta in gama yanzu."

Na rungume yarinya. Na ce, "Malam, wallahi in injin ga ya taɓa kan ɗiyata, ka nemi mai yi maka tuwo. Ka ɗauki dami ka kai ma dattijon ga, ka ba shi haƙuri."

"Ni? Bayan na hwaɗi magana gaban mutane? Ko zangarniya guda ba ta hita rumbuna."

Innata na zaune a ƙuryar ɗaki, ta juya fuska bango. Suruka ba ta sa baki a maganar mijin 'yarta, ko kallonsa ba ta yi. Sai da ya fita ta juyo ta tambaye ni, "Ke, kina da hatsi naki na kanki?"

Ina da shi. 'Yar gamanata, gonar da nake nomawa da hannuna, ta ba ni abin da ya samu, na ci na ciyar tun kaka, saura dami biyu a ɗan rumbuna na bayan ɗaki. Su na ajiye don kunun jego, saboda na san wanda nake aure. Na ce mata a sa wata daga cikin maƙwabta ta kai. Ta ce a'a, duk wadda ta ɗauka sai gari ya ji, kuma dattijon zai iya mayar da 'yar gari, amma ba ya mayar da tsohuwa baƙuwa.

Ta naɗe mayafinta ta yi gammo. Da idona na ga uwata, mai furfura, cikin sabon zanen da ta ɗinko don sunan jikarta, ta durƙusa ta kinkimi dami ta aza a ka. Ta fita ta ɓarakar dangar baya inda awaki ke bi, don kada mazan da ke ƙofar gida su gan ta. Ba ta san garin ba. A tsakar rana ta riƙa tsayawa tana tambayar hanyar gidan wanzami. Ni kuma na zauna na yi kuka har na gode Allah, mata suna cewa zafin jego ne.

Kafin azahar sai ga dattijon da zabirarsa a kafaɗa. Innata ta biyo baya ta inda ta fita, ƙaiƙayi ya cika mata wuya, ta zauna inda take da farko kamar ba ta motsa ba. Daga baya ta ce mini da ya gan ta ya miƙe yana salati, yana cewa da ta aiko ai da ya zo. Damin dai bai ce a mayar ba. Ya aske yarinya tas, ko motsi ba ta yi ba, mata suka rangaɗa guɗa, aka ba shi kasonsa na nama. Daga ƙofar gida ina jiyo muryar maigidana yana cewa, "Kun gani ko? Da ƙahwatai ya kawo kainai. Mutanen ga in ka tsaya musu sai su bi."

Kunun jegona ya ƙare tun kafin in yi arba'in. Sauran kwanakin tsululu na sha, nono ya ja baya, yarinya tana tsotsa tana kuka. Innata ta zauna ta gama yi mini wankan jego, kullum da dare sai na shafa mata man zafi a wuya. Ko sau ɗaya ba ta tayar da zancen ba, ni ma ban faɗa wa maigidana ba, kuma bai taɓa tambaya ba. Har yau in hira ta yi daɗi a gindin bedi yana ba da labarin shekarar da ya karya wanzami bai kashe ko zangarniya ba.

Innata ta rasu ba ta sake taka gidanmu ba. Na ƙara haihuwa biyu, sai dai ta aiko da daddawa da gaisuwa. Maigidana kan yaba mata a kan wannan, ya ce tsohuwa ce mai hankali, Allah ya jiƙanta, ta san kuɗin mota daga Gazawa ba abin wasa ba ne.