Wayar Iya Falmata da sharjar Malam

Ko zan manta da komai a aikin nan, ban da lokacin da na juya kan sharjar nan na ga an rubuta ƙarfin wuta bolt ashirin a jikinta. Wata guda ke nan, amma har yanzu kamar jiya nake ganin abin. Ku da kuka zo koyon aiki bayana, gara ku ji daga bakina.

Satina uku a lokacin a shagon Malam Ari, mai gyaran waya a nan Gure. Aikina karɓar wayoyin da ake kawowa sharji: in liƙa wa kowace lamba, in ba mai ita irin lambar, in jona. Ranar kasuwa ce, duk igiyoyinmu sun cika. Sai ga wata tsohuwa daga wajen Alakos, Iya Falmata, ta miƙo mini waya da hannu biyu. Ta ce ta ɗiyarta ce da ta rasu wajen haihuwa wata biyar da suka wuce, tun ranar ba a kunna ta ba.

"Akwai maganarta a ciki, ƴata. Sai yanzu na ji zan iya saurare."

Malam ya tafi sallar azahar. Na hango sharjar ordinatansa, wato kwamfutarsa, a kan tebur, bakin igiyar ya yi daidai da na wayar, na jona. Minti goma, babu ko ɗigon haske. Nan ne na juya sharjar na karanta. A koleji mun ga yadda ƙaramin kwan lantarki ke ƙonewa in aka ba shi wutar da ta fi ƙarfinsa, kuma na san sharjojin wayarmu bolt biyar ne. Na fizge igiyar, na shinshina wayar, na danna, shiru.

Na so in yi gum, na kasa. Na durƙusa na ce, "Iya, ina jin na ƙona ta."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Tashi ki zauna. Kin ma ci abinci yau?" Ta kama hannuna, ita ce ma ke lallashina.

Da Malam ya dawo ya ji, bai yi faɗa ba. Ya ɗauko ɗan ma'aunin wutar nan da ake sawa tsakanin sharja da igiya, ya mayar da wayar kan sharjar dai da na cire ta.

"Malam, don Allah kar ka sake."

"Karanta mini, ƴar koleji. Nawa ya nuna?"

"Biyar."

"To ina ashirin ɗin naki?"

Ya ce a cikin waya akwai wata ƴar ƙwaya mai kula da shigar wuta, a cikin sharja mai kyau ma akwai irinta. Da an jona, sharja biyar take fara bayarwa, sannan ta sanar ta igiyar cewa tana da tara, sha biyar, ashirin. Wayar ce ke zaɓa, abin da ba ta nema ba ba a tura mata. Shirun kuwa, batirin ne ya yi wata biyar da yunwa, sai ƙwayar ta riƙa ɗura masa wuta kaɗan-kaɗan. "Wanda ya daɗe yana jinya, da kunu ake fara masa, ba da tuwo ba."

Abin tsoro a sana'ar nan, in ji shi, sharja ce ta jabu da igiyar da ta zage. Ni kuma abin da na riƙe: duk wayar da aka miƙo mini, sai na tambayi tun yaushe take a mace kafin in jona.

Muka zauna mu uku muna kallon ɗan ma'aunin. Iya ba ta san lamba ba, fuskata take karantawa. Ana kiran la'asar hoton batir ya fito a gilashin, jim kaɗan biyar ta koma tara.

"Kin gani? Ta farfaɗo, har ta nemi ƙari," in ji Malam. "Ba ki ƙona komai ba, Hadiza. Maganar tana nan."

Sai a lokacin kuka ya ƙwace mini. Iya ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta.

"Ji ta," ta ce wa Malam. "Ni na zo da kukana tun daga Alakos, ta riga ni."