Keken Ɗinkin Mama Ya Yi Baƙi a Apo

"Oga Bulus, ka ƙona min keken uwata!"

Haka na ƙwalla ihu jiya a garejin Apo da ke Abuja, har makanikai suka bar aikinsu suna kallona.

Keken ɗinki ne da marigayiya Mama ta taho da shi daga Legas, lokacin da gwamnati ta tare a Abuja aka yi wa Baba canjin wurin aiki. Tun rasuwarta yake ajiye a gidanmu na Kuje, rufi na yoyo a kansa, tsatsa ta kama ƙafafunsa jawur. Yanzu ƙanwata ta gama koyon ɗinki, ta ce ita shi take so.

Shi ya sa na kai wa Oga Bulus mai fentin mota ya gyara, ya sa safar hannu ya shafa masa wani ruwa. Kafin in ci abinci in dawo, ƙarfen ya yi baƙi ƙirin. Na ɗauka ruwan batir ya zuba.

Ya yi dariya. "Haba Anti, asid ɗin fosforik ne. Akwai ɗan kaɗan ma a baƙin lemon kwalban da ke hannunki. In ya haɗu da tsatsa, sai ta rikiɗe ta zama wannan baƙin ɓawon, ya manne wa ƙarfen. Abin da ke cin keken ɗazu, shi zai tsare shi yanzu. Fenti kawai ya rage."

Na sa ƙafa na taka feda. Wallahi ƙarar da na tashi ina ji daga ɗakin Mama ce ta fito. Sai da na juya baya na share ido.

Saura ƙiris da na sayar wa 'yan gwangwan. Ku fa, wane kayan iyayenku kuka bar wa tsatsa?