Mai Ciki da Mai Goyo

Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, cikin shekarun da na yi ina aikin nani a wata makarantar kuɗi da ke Soron Ɗinki. Ga wanda bai sani ba, nani ita ce mai share aji, mai kai yara banɗaki, mai goge majina. Ban taɓa yin boko ba, amma na daɗe a aji ɗaya fiye da duk malamar da aka taɓa ɗauka.

Dokar Hajiya mai makaranta ita ce sabuwar malama ta yi gwajin zango ɗaya. A ƙarshensa Hajiya za ta shigo da kanta, ta ɗauki alli ta rubuta baƙaƙe a allo. In yara sun karanta, kin zauna. In sun yi zuru, ki ɗauki jakarki.

A haka aka kawo mana Anti Rukayya, sabuwar fitowa daga kwaleji, da dabararta ta katin karatu. Ni na bi shagunan Jakara na roƙo mata kwalayen taliya da na sabulu, na yanka da almakashina, ita kuma ta rubuta baƙi ɗaya a farin gefen kowanne. Sai ta ɗaga kati, yara su faɗi sunansa. Cikin sati uku ba mai kuskure. Har tafiyarta ta canja.

Ni dai ina kallo. Rannan bayan an tashi na ce, "Anti, ɗaga min katin nan."

"Iya, ke ma aji ɗaya za ki shiga?"

"Ɗaga dai."

Ta ɗaga goma, na faɗi goma. Ta dafe ƙirji. "Allahu Akbar! Iya, kin iya karatu!"

"Ban iya komai ba. Mai ɗigon manjan nan shi ne baƙin ba. Wanda ɓera ya ci wa kunne shi ne ma. Dogon nan na kwalin taliya, sa. 'Ya'yanki kwali suke karantawa."

Ta tsuke fuska. "Iya, da girmanki, wannan fannin ilimi ne."

"To, gobe ki rubuta musu a allo, mu ga fannin."

Da safe ta rubuta baƙin ba a allo, ƙato. Aji ya yi tsit. Can sai Abba, wani mai bakin tsiya a layin gaba, ya ɗaga hannu. "Anti, ina manjan?"

A sito na same ta tana kuka, saura sati biyu Hajiya ta shigo. Na ce mata majinar yara kawai aka ɗauke ni gogewa, ta tashi mu yi aiki. Muka samo kwali iri ɗaya, muka yanka da rula, kowane kati daidai da ɗan'uwansa. Na hana ta cin ɗanwake a kansu, don manjan nata ne. Kullum kuma sai na cuɗanya su kamar 'yan karta kafin ta ɗaga.

Sauran baƙaƙen suka fara shiga, amma baƙin ba da baƙin da suka ƙi, yara sai juya su suke yi. Na ƙura wa baƙaƙen biyu ido na ce, "Ai mata ne. Wannan tulunta a gaba, ciki ne da ita. Wannan a baya, goyo ne." Da aka zo kan ɓa da ɗa masu lanƙwasa a ka, na ce su ɗin ne dai, ɗankwali suka ɗaura.

"Iya, ba haka aka koya mana a kwaleji ba."

"Manja aka koya muku?"

Ranar gwaji Hajiya ta shigo da tabarau a ƙarshen hanci. Tana rubutawa, yara na faɗa, biyu suka kuskure, aka wuce. Sai ta rubuta ɗa. Shiru. 

Abba ya miƙe tsaye. "Mai goyo ce ta ɗaura ɗankwali! Ɗa!"

Aji duka ya ɗauka, "Ɗa!"

Hajiya ta juyo. "Wa ya koya muku wannan?"

Yatsu suka yo kaina, ina riƙe da tsintsiya. Ta koma ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce a hankali, "Wallahi goyo ne."

Anti Rukayya ta zauna, tana nan har yau. Ni kuwa Hajiya ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce, "Iya, a daina yi wa baƙaƙe ciki a makarantata." Na ce to. Ban daina ba.

Abin da na ɗauka a aikin nan, ku da kuka zo bayana, shi ne yaro ba wawa ba ne, hanya mai sauƙi yake nema. Malama amsa take saurare, don haka dole a samu mai kallon inda idon yaron ya sauka. Ni har yau baƙi huɗu na sani a boko, dukkansu mata, kuma ba wadda ta haihu.