Tsohuwar Baba Sannu-Sannu

'Yan tasha ne suka sa masa Baba Sannu-Sannu, wai ko mai keke ya biyo bayansa sai ya gaji ya wuce shi. Shi ko a jikinsa. Tun yana saurayi yake harkar mota: ya yi karen mota, ya ja tifa, ya ja tasi, da girma ya zo ya koma kai yaran unguwa makaranta a wata farar mota da yake kira Tsohuwa. Iyaye sun sakankance da shi, don ko akuya bai taɓa bugewa ba.

Kullum da safe, kafin ya buɗe ƙofa, sai ya bubbuga bonet ya ce, "Tsohuwa, mun tashi lafiya?" Sannan ya shafa wata 'yar lotsawa a gefen fitilar hagu. Ɗansa marigayi ne ya yi mata ita ranar da yake koya masa tuƙi, kuma ya hana kowa gyara wurin.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne idonsa ya fara tafiya. Dishi-dishi yake gani. Da kunne yake tuƙi, da hannu, da sabo: ya haddace ramukan hanyar, ya san kukan injin in yana neman giya. Tsoro na cin sa kullum, wallahi yana cin sa. To amma in ya ajiye makulli, shi kuma wane ne?

Ran nan Tsohuwa ta yi tari a tsakiyar titi, ta turo hayaƙi, ta mutu murus. Aka janyo ta garejin wani bakanike da suka tsufa tare.

'Yarsa ta fari ta same shi a gida. "Baba, don Allah a haƙura da ita haka nan. Ni da ƙannena za mu sayo maka wata, mai canza giya da kanta."

"Da kanta? To ni me zan yi a ciki, gyangyaɗi?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Sabuwar mota ido take so: maɓallai birjik, rubuce-rubuce, ga inji shiru kamar munafuki. Ya san ranar da ya zauna a cikinta asirinsa ya tonu. Don haka ya kafe, gyara za a yi.

Washegari ta raka shi gareji, ko bakanike zai taya ta lallashi. Ina! Bakanike cewa ya yi, "Inji ne ya buga, amma zan tashe ta. Wannan ai ita za ta binne mu."

Ran Baba ya yi fari tas. Ya taka da ƙarfinsa zuwa farar motar da ke ƙarƙashin rumfa, ya bubbuga bonet. "Kin ji ko, Tsohuwa? So suke su miƙa ki ga masu sayen ƙarfe, na ce ban yarda ba." Hannunsa ya gangara gefen fitilar hagu. Sumul. Ya sake shafawa, ya lalubi sama da ƙasa, babu lotsawa.

Bakanike ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Direba," ya ce a hankali, "taka tana can bayanka."

Motar da ya dafa ta wani ce daban. Ko ƙirarsu ba ɗaya ba, fenti kawai ya haɗa su.

"Baba, tun yaushe?" in ji 'yar. "Kuma da 'ya'yan mutane a baya?"

Kunya da baƙin ciki suka kama shi. Can ya miƙa mata hannu ya ce, "Kama ni, kai ni wurinta."

Ta ja shi har gaban Tsohuwa. Ya lalubo lotsawar, ya daɗe tafinsa na kai. Sannan ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa wajen da yake jin numfashin bakanike.

"Kar ka wahalar da kanka, abokina. In masu ƙarfen sun zo, ka cire mini wannan gefen kafin su ɗauke ta."