Alƙalamin da Na Musanya

Ina da shekara arba'in na fara koyon rubutun Larabci wurin wani tsohon malami a unguwar Nima, in na taso daga shagona na kayan gyaran mota a Abossey Okai. Shi yake feƙe wa kowa alƙalami. Na sauran ɗalibai yana tafiya sumul, nawa kuwa kullum alif a karkace. Na soma zargin da gangan yake ɓata bakin nawa, don na taɓa yi masa gardama.

Ran nan ya fita alwala, na musanya nawa da nasa. Ya dawo ya ɗauki nawa, ya rubuta bisimilla tsaf. Alif ɗina kuwa ya sake karkacewa.

Ya leƙo allona ya ce, "Alhaji, sassauta hannu, ba sifana ka riƙe ba."

Har yau ina zargin ya gane musanyar.